Ɗaura lambar gaba ba tare da an huda bambar mota ba: wane mariƙi ya dace?

Tambaya: Na sayi mota wadda bambarta ta gaba ba ta da ramin ɗaura lamba ko ɗaya, ga shi kuma inda nake zaune doka ta ce dole mota ta ɗauki lamba gaba da baya. Dila ya ce in kawo ya huda, ni kuwa ba na so a taɓa mini bamba. Na ga ana sayar da mariƙan lamba iri-iri da ba sa buƙatar huji: akwai na ɗaurawa a ramin jan mota, akwai na gam, da na maganaɗisu, da wanda ake maƙalawa a ragar gaba. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, kafin ka biya kuɗin ko wanne, ɗauki tocila ka je ka tsuguna a gaban motar taka. Amsar tambayarka tana jikin bambar, domin mariƙin da ya zauna daram a wata mota zai iya zama fitina a wata, ko da kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Abu uku za ka nema. Na farko, ina ne ke da ƙarfi a gaban nan, wato ina za a iya kama ƙarfe ko roba mai kauri. Na biyu, ta ina motar ke gani: ƴan maɓallan sensa masu zagaye da ke jere a bamba suna auna nisan abin da ke gaban mota, kamarar gaba, da rada, wato na'urar da ke hango motar da ke gabanka, idan tana da ita. Na uku, ta ina take shan iska. Duk mariƙin da zai kama wuri mai ƙarfi, bai tare wa motar ido ba, bai kuma toshe mata numfashi ba, shi ne naka.

Sannan ka buɗe but ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka duba wajen safaya. Sau da yawa kamfanin da ya ƙera motar ya riga ya ajiye mariƙin lamba na roba a cikin leda. Dalilin da ya sa ake fito da bamba ba huji shi ne mota ɗaya ake kaiwa kasuwanni masu doka daban-daban. A Amurka kaɗai, jihohi irin su Kalifoniya da Tekzas da New York suna buƙatar lamba gaba da baya, alhali Florida da Michigan da Pennsylvania ta baya kawai suke nema, jihar Ohio ma ta daina tilasta ta gaba a watan Yulin 2020. Saboda haka sai kamfani ya bar wa dila aikin ɗaurawa. Wannan mariƙin na leda yawanci da sukuru ake kafa shi a jikin bamba, wanda shi ne abin da kake gudu, amma ba kullum ba. Wasu suna shiga ramukan da ke cikin raga tun daga masana'anta, na Tesla Model 3 da Model Y kuwa da gam ake manna shi. In ka yi sa'a, matsalarka ta ƙare ba ka kashe ko sisi ba.

Sai batun girman lambar, wanda mutane ke mantawa sai kaya ya iso. Lambar Amurka da Kanada inci 12 ce a inci 6, wato kimanin milimita 305 a 152, ramukanta kuma tazarar inci 7 ce a kwance, inci 4.75 a tsaye. Ta yawancin ƙasashen Turai doguwa ce siririya, milimita 520 a 110. Farantin mariƙin da aka yi wa ɗaya ba zai riƙe ɗayar yadda ya kamata ba. Auna lambarka da tazarar ramukanta, ka rubuta a takarda.

Doka kuma ka karanta ta wurin da motar ke da rajista da kanka, kada ka dogara da abin da mai sayarwa ya rubuta a jikin kwali. Kusan ko'ina abin da ake nema iri ɗaya ne: lambar ta kasance a wajen mota, a gaba, a kwance daidai, a ɗaure yadda ba za ta yi lilo ba, kuma a iya karanta ta. Wasu wurare suna ƙara ƙa'idar tsayi, kamar Kalifoniya da ta ce kada lambar gaba ta wuce inci 60 daga ƙasa. Ajiye lamba a kan dashbod ta cikin gilashi ba ya cika wannan sharaɗi a wurare da yawa, kuma ni ko doka ta yarda ba zan ba da shawararsa ba. Faranti ne na ƙarfe mai kaifin baki, a sake, kusa da inda jakar iska ta fasinja ke fashewa.

Yanzu ga abin da mariƙin zai yi fama da shi a kan hanya. Lamba ba ta da wani nauyi, amma bango ce da ke fuskantar iska. A gudun kilomita 120 a awa, ƙarfin iskar da ke dukan lamba mai girman ta Amurka ya kai kwatankwacin nauyin kilo uku zuwa huɗu, ta Turai ta ɗan fi haka. Idan ka ninka gudu, ƙarfin yana ninkawa sau huɗu. Idan lambar tana manne da bamba, iskar ƙara danna ta take yi, babu damuwa. Idan kuwa tana tsaye a kan sanda, ko gefenta ya leƙo waje ya wuce jikin mota, iskar tana zagayawa ta bayanta tana murɗa ta. Abin da ya fi kashe mariƙi ma jijjiga ce: rawar inji, gargadar hanya, da burushin wurin wankin mota mai juyawa, wanda ke kama gefen lamba ya lanƙwasa ta.

Zan fara da na ramin jan mota, domin shi na fi amincewa da shi idan motar ta yarda. A bambar motoci da yawa, musamman ƙirar Turai da na Japan da Koriya da dama, za ka ga wani ɗan murfi mai kusurwa huɗu ko zagaye a gefe guda. Ka ɓalle shi da bakin sukudireba da aka naɗe da tsumma. A bayansa akwai rami mai tiredi, wato zare irin na sukuru, wanda ke haɗe da ƙarfen da ke kwance a bayan bamba, nan ake ɗaura ƙugiyar jan mota idan ta lalace. Wurin da aka yi don ya ɗauki jan mota sukutum ba zai gaza riƙe lamba ba. Mariƙin irin wannan sanda ce mai tiredi da ake murɗawa cikin ramin, sai a ɗaura faranti a kanta. Ba ya taɓa fenti, kuma cire shi aikin minti kaɗan ne.

Wahalarsa ita ce tiredin ba iri ɗaya ba ne. Kauri ya bambanta, tazarar zaren ta bambanta, zurfin ramin ma haka, wani lokaci har tsakanin samfura biyu na kamfani ɗaya. Motocin Volkswagen da Audi da Porsche da yawa tiredin hagu gare su, wato hagu ake murɗawa a ɗaure. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta murɗawa dama yana zargin an aiko masa da kaya mara kyau, ko ya sa ƙarfi ya cinye bakin tiredin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ciro ƙugiyar motarka daga but, tana nan tare da jak, ka jera ta da sandar mariƙin. Kauri da zare su zo ɗaya. Ka fara murɗa sandar da hannu kawai. In ta yi zagaye biyu ko uku ta cije, tsaya, ba tata ba ce. Lalata wannan rami ba ƙaramar asara ba ce, domin ranar da mota ta mutu maka a hanya shi za ka nema. Shi ya sa duk mariƙin da aka rubuta wa “yana shiga kowace mota” nake yi masa kallon tuhuma. Nemi wanda aka ambaci sunan motarka da shekararta.

Tsawon sandar ma abin dubawa ne. Gajera za ta sa bayan farantin ya riƙa gugar fenti, ka ga an gudu ba a tsira ba. Doguwa kuma za ta turo lambar gaba sosai, iska ta sami abin murɗawa, kuma duk wanda ya goge ka a wurin fakin zai fara da ita. Tazarar da yatsa zai iya shiga tsakanin faranti da bamba ta wadatar. Ka tuna kuma sandar tana haɗe da ƙarfen mota kai tsaye: ɗan karon da robar bamba za ta shanye ta dawo, yanzu ta sandar zai bi. Yawanci farantin ne ke lanƙwashewa, amma yana iya lanƙwashewa ya shiga cikin fentin.

Abin da ya fi faruwa da irin wannan mariƙi shi ne juyawa. Sanda ɗaya ce tal ke riƙe da shi, kuma lambar ba a tsakiyarta take zaune ba, don haka jijjiga tana kwance shi a hankali har wata safiya ka tarar da lamba ta karkace. Mariƙi mai kyau yana zuwa da noti na biyu ko washa mai haƙora da ke kulle shi. Za ka iya ɗiga maganin kulle tiredi mai matsakaicin ƙarfi, irin shuɗin nan na Loctite, a kan notin da ke haɗa faranti da sanda. Kada ka yi amfani da mai launin ja, shi sai da zafi ake kwance shi. Kada kuma ya ɗiga a kan roba, domin yana sa wasu robobi su tsage. A cikin ramin motar kansa ni na fi son a shafa ɗan man hana cijewa. Murfin da ke kare ramin yanzu a cire yake, ruwa da gishirin hanya za su shiga, idan kuma sandar ta alminiyom ce ramin na ƙarfe, biyun suna iya cin juna su manne. Ajiye murfin a aljihun dashbod, ka kuma ajiye sifanar da ke kwance mariƙin a cikin mota, domin mai jan mota ba zai jira ka koma gida ka ɗauko ba.

Lambar za ta zauna a gefe, ba a tsakiya ba. Wasu ba sa son ganin haka, wasu kuma shi suke so. Ba baƙon abu ba ne: Alfa Romeo ta daɗe tana ajiye lambar gaba a gefe saboda siffar ragarta, Mitsubishi ma ta yi haka a Lancer Evolution don kada lamba ta tare na'urar da ke sanyaya iskar turbo, wato abin da ke ƙara wa inji ƙarfi. Amma ka tabbatar dokar wurinku ba ta ce sai tsakiya ba.

Inda mariƙin ramin jan mota ke faɗuwa shi ne wajen sensa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin motocin yanzu sun cika da su. Ƴan maɓallan nan na bamba sauti suke harbawa wanda kunne ba ya ji, su saurari dawowarsa su auna nisa. Sautin ba a miƙe yake fita kamar zare ba, buɗewa yake yi kamar hasken tocila. Saboda haka ba sai lamba ta rufe sensa ba kafin ta dame ta. Ya isa gefen lambar ya shiga cikin faɗin sautin, musamman da yake ta ɗan turo gaba. Sakamakon shi ne mota ta yi ta ƙara duk lokacin da ka rage gudu, tana cewa akwai abu a gabanka. A motar da ke taka birki da kanta a ƙaramin gudu, abin ya wuce ƙara. Kuma a motoci da yawa ramin jan motar yana dab da ɗaya daga cikin sensocin. Masu ƙera mariƙi nagari sun san haka, shi ya sa farantinsu ke da ramuka da yawa ko dogon tsagi da zai ba ka damar matsar da lambar sama, ƙasa ko gefe, da ɗan karkata ta. Wannan damar ta fi kyan fentin mariƙin muhimmanci.

Akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. Yanki kwali daidai girman lambarka, ka naɗe shi da takardar alminiyom, ka sa wani ya riƙe shi a inda lambar za ta zauna, da irin tazarar da za ta yi daga bamba. Ka ja birkin hannu, ƙafarka a kan birki, ka kunna sensocin, shi kuma mai riƙewar ya tsaya daga gefe ya miƙo hannu kawai, ko mafi kyau ka maƙala kwalin da tef a kan wani abu ya tsaya da kansa. In motar ta yi shiru, ka sami wuri. In ta yi ƙara, matsar da shi har ta yi shiru, ka ga ko mariƙin da kake son saye zai iya kai lambar nan.

Rada ta fi wannan haɗari, domin ba kullum take ƙorafi nan take ba. Ita ce ke kula da tazara tsakaninka da motar gaba, ita ce kuma ke taimaka wa birkin gaggawa. Tana ratsa robar bamba, amma ba ta ratsa ƙarfe. Lambar alminiyom a gabanta makanta ce. Wani lokaci tana bayan tambarin kamfani, za ka gane idan tambarin sumul yake kamar an rufe shi da gilashi. Wani lokaci kuma wani ɗan faranti ne baƙi a ragar ƙasa, a tsakiya ko a gefe. Wasu motocin ma suna da ƙananan radoji a kusurwoyin bamba, a ɓoye ta ciki. Littafin motar yana nuna inda suke da zane, kuma yana faɗa ƙarara kada a sa komai a gabansu. Wannan shafin ka karanta shi. Kamarar gaba ita mai sauƙi ce, kunna ta ka duba ko gefen lamba ya shigo hoton.

Idan motarka ba ta da ramin jan mota a gaba, kamar yawancin manyan motocin ɗaukar kaya na Amurka da wasu ƙanana, ko kuma sensa ta hana, abu na gaba da zan duba shi ne mariƙin ƙarƙashin bamba. Shi wannan yana amfani da sukurorin da ke riƙe da murfin ƙasan mota: ka kwance biyu ko uku, ka sa farantin, ka mayar. Lambar sai ta miƙe tsaye a gaban leɓen bamba, a tsakiya. Wasu, irin masu suna Sto N Sho, suna da fil da ake ja a zare lambar gaba ɗaya idan za a wanke mota. Ka karanta bayanin ɗaurawa kafin ka saya, domin akwai waɗanda ake kira “ba huji” alhali sai an huda ƙasan bamba inda ido ba ya gani. Ko ka yarda da wannan ko ba ka yarda ba, ya kamata ka sani tun farko. Matsalarsa ta zahiri ita ce ƙasa-ƙasa yake zama. A mota mai gajeren ciki, shi zai fara gaisawa da tudun rage gudu da dakalin fakin. Kuma sukurorin nan sau da yawa cikin roba suke ɗaure, ba cikin ƙarfe ba, don haka ka kama lambar ka girgiza bayan ɗaurawa. In duk leɓen bamba na rawa tare da ita, a babbar hanya za ta yi ta kaɗawa.

Na ƙarƙashin bamba da na maƙalawa a raga suna da laifi ɗaya: suna zama a bakin iska. Bayan ragar nan lagireto ne, da na'urar sanyaya iskar esi, da na sanyaya iskar turbo a motar da ke da shi. A motar lantarki ma ta ragar ƙasa ake sanyaya batir. Babbar raga ba za ta damu da lamba ɗaya ba, ai motoci da yawa a nan kamfani ke ɗaura ta. Amma idan ragar siririya ce kuma lambar za ta cinye rabinta, kana kuma tuƙi inda ake zafi ko kana jan kaya ko hawan tudu, to ka sake tunani. Ka leƙa ciki da tocila kuma: motoci da yawa yanzu suna da fuka-fukan roba a bayan raga da ke buɗewa da rufewa da kansu. Duk sukuru ko maƙalin da ya leƙa ciki ya tare su zai iya kunna maka fitilar gargaɗin inji. Na raga yana da kyau idan an ƙera shi don wannan motar musamman, yana kama sanduna biyu ko fiye, da roba mai taushi a bakin maƙalin. Sandunan raga na ado ne, ba su da kauri, kada ka matse su kamar kana ɗaure taya. Igiyoyin roba masu haƙora da mutane ke ɗaurewa da su suna kai ka gida, amma rana tana busar da su su karye. In dole ne, baƙaƙe sun fi farare jure rana, kuma ka riƙa canza su.

Sai na gam, wanda ake yi wa mummunan zato fiye da yadda ya cancanta. Tef mai gam fuska biyu na gaske, irin VHB na kamfanin 3M, da irinsa ake manna tambari da adon jikin motoci a masana'anta. Idan ya saki, kusan kullum daga shiri ne. Wurin ya zama shimfiɗaɗɗe, ko kuma bayan mariƙin ya bi lanƙwasar bamba daidai. Faranti miƙaƙƙe a kan bamba mai lanƙwasa tsakiyarsa kawai ke taɓawa, gefuna suna ja baya dare da rana har su ɓalle. A wanke wurin, a goge da barasar goge-goge ta isofurofil da aka haɗa da ruwa rabi da rabi, a bari ya bushe. Kakin sheƙi da rufin seramik da ake shafa wa fenti an yi su ne don kada komai ya manne, saboda haka sai an cire su daga wannan wuri. Zafin da ya fi dacewa shi ne tsakanin digiri 21 da 38 a ma'aunin Selshiyos, ƙasa da digiri 10 kuwa yawancin irin tef ɗin ba ya kamawa da kyau. A danna da ƙarfi sosai, ko'ina. Sai haƙuri: gam ɗin yana kai kusan rabin ƙarfinsa bayan minti 20, kashi 90 cikin ɗari bayan awa 24, cikakken ƙarfi sai bayan awa 72. Wanda ya manna da safe ya hau babbar hanya da rana, ko ya kai wanki washegari, shi ya jawo wa kansa. Ka manna mariƙin shi kaɗai, ka ɗaura lambar daga baya. Kuma dama ɗaya gare ka, don haka ka fara sa alama da tef ɗin takarda ka ja baya ka duba ko ya miƙe.

Akwai wuraren da ba zan sa gam ba. Baƙar roba mai kaushi wadda ba a yi wa fenti ba tana ƙin gam, sai an shafa mata wani ruwa na musamman da ke taimaka wa mannewa, shi kuma yana barin tabo. Bambar da aka sake wa fenti kwanan nan a bar ta ta bushe sosai, ka tambayi mai fentin tsawon lokacin. In fentin ba na kamfani ba ne kuma ba ka san ingancinsa ba, yana iya biyo tef ɗin ranar cirewa. A kan ledar kare fenti kuwa, ƙarfin mannewar bai wuce ƙarfin ledar ba. Cirewa ana yi da na'urar busar da gashi a ɗumama, a zura zaren kamun kifi ta baya a yi ta ja kamar zarto, sannan a murje ragowar da yatsa da maganin cire gam. Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne bayan shekaru fentin da ke ƙarƙashi zai iya fin na kewaye duhu, domin rana ba ta taɓa shi ba.

Na maganaɗisu ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Bamba roba ce, lamba kuma alminiyom ce ko roba, duk cikinsu babu wanda maganaɗisu ke kamawa. Dole a manna maganaɗisu a bayan bamba ta ciki, wanda sau da yawa sai an sauke bambar, a kuma sa ƙarfe a bayan lambar. Ƙarfinsa yana raguwa sosai da kaurin robar da ke tsakani, ƙura na shiga tsakani tana goge fenti, kuma abin da kai za ka cire da hannu ɗaya ɓarawo ma zai cire. Lambar da aka sace kuwa kai za a nema idan aka yi ɓarna da ita. Na roba mai tsotsa a bar shi a ɗakin baje kolin motoci. Wanda ke ɓoye lamba a ƙarƙashin mota da rimot, a wurare da yawa ana ɗaukarsa a matsayin na'urar ɓoye lamba, wanda laifinsa ya fi na rashin lambar. Lambar sitika da ake mannawa a bamba kuma sai inda hukuma ta amince da ita kuma ta hannun wanda ta ba izini, kamar yadda ake yi a Kalifoniya. Ka buga taka da kanka, jabu ce.

In ka ce in jera maka su, ga yadda nake gani: mariƙin kamfani idan ba ya buƙatar huji, sai na ramin jan mota idan ya tsallake gwajin kwali, sai na ƙarƙashin bamba ko na raga wanda aka yi wa motarka musamman, sai gam idan akwai shimfiɗaɗɗen wuri mai fenti. A kowanne, ka duba ƙarfen. Alminiyom mai kauri ko bakin ƙarfe mara tsatsa, sukurori marasa tsatsa, noti mai roba a ciki da ba ya kwancewa da jijjiga. Farantin ya tallafi lambar sosai, a ɗaure ta da sukuru huɗu in ramukan sun ba da dama, a sa ɗan soso ko roba a baya don kada ta yi ƙara. Sukuru mai kan da sai da makulli na musamman yana rage sata. Bayan ɗaurawa ka yi tafiya a hanya mai gudu, ka gwada na'urar kula da tazara a inda babu cunkoso, ka dawo ka sake matse komai, sannan ka sake dubawa bayan mako guda. Kafin ka shiga wankin mota mai burushi, zare lambar idan mariƙin na zarewa ne.

Akwai kuma motar da duk waɗannan ba za su yi mata ba: rada a ƙasa, sensa kusa da ramin ja, raga siririya, bamba duk lanƙwasa. A irin wannan, wurin da kamfani ya tsara wa lamba shi ne kaɗai aka gwada da duk na'urorin motar, sau da yawa ma za ka ga ƴan ɗigo biyu a jikin bamba da ke nuna inda sukuru zai shiga. Bamba roba ce, huji ba ya sa ta tsatsa, kuma ana sayar da ƴan murafu masu launin fentin mota da ke toshe ramin idan an cire lambar. In motar ta haya ce ta dogon lokaci, tambayi kamfanin a rubuce ko suna cajin ramukan lamba ranar mayarwa. In kuma za a huda, kai ka tsaya a wurin, a yi amfani da mariƙin kamfani, a auna tsakiya da tef, a fara da ƙaramin rami, a kuma tabbatar sukurun gajere ne yadda ba zai kai ga waya ko sensa da ke bayan robar ba.